SUNAYEN ITATUWA DA TARIHIN BINCIKEN TSIRRAI A AFIRKA TA YAMMA, 1749-1937

1. Gabatarwa

Duk wanda ya buɗa littafin ilimin tsirrai yana neman itatuwan ƙasarmu, zai iske kowane itace yana ɗauke da suna biyu na Latin: na farko sunan dangi, na biyu sunan iri. Kuka ita ce Adansonia digitata, ɗorawa Parkia biglobosa, gawo kuwa Faidherbia albida. Ga wanda bai saba ba, waɗannan kalmomi ne kawai masu wuyar faɗi. Amma in an tona su, sai a tarar da mutane a ciki: Adanson ma'aikacin kamfanin fatauci ne, Park matafiyi ne, Faidherbe kuma soja ne, gwamnan Senegal.

Manufar wannan nazari ita ce a bi sawun irin waɗannan sunaye, domin a ga ta wace ƙofa masu binciken tsirrai na Turai suka shigo Afirka ta Yamma, mine ne suka zo nema, ina kuma aka ajiye sanin mutanen ƙasa da suka yi musu jagora. Za mu tsaya tsakanin shekara ta 1749, lokacin da Adanson ya sauka Senegal, da shekara ta 1937, lokacin da Dalziel ya buga littafinsa a kan tsirrai masu amfani.

2. Yadda ake raɗa sunan

Tsarin suna biyu ya kafu ne da littafin Linné, masani ɗan ƙasar Suwidin, mai suna Species Plantarum, wanda ya fito a 1753. Aikin kuwa hawa biyu gare shi. Hawa na farko a daji ake yinsa: mai tarawa ya karyo reshe da ganyensa da furensa, da ɗiyansa in akwai, ya shimfiɗa shi tsakanin takardu, ya matse da allo biyu har ya bushe, sa'an nan ya ba shi lamba, ya rubuta wuri da rana, wani lokaci har da sunan da mutanen wurin suka gaya masa. Hawa na biyu a Turai ake yinsa, cikin taskar busassun tsirrai, inda wani masani zai gwada samfurin da waɗanda aka riga aka tara. In ya ga babu irinsa, sai ya siffanta shi da Latin, ya raɗa masa suna, ya buga. Wannan reshe da aka siffanta shi ne ke zama samfurin asali, shi ake komawa a duba duk sa'ad da gardama ta tashi.

Daga nan abu biyu suka biyo baya. Na ɗaya, ikon raɗin suna yana hannun wanda ke zaune kusa da taska, ko da bai taɓa zama ƙarƙashin inuwar itacen ba. Na biyu, shaidar kanta tana can: Faris, ko Kew kusa da Landan, ko Barlin. Da bama-bamai suka ƙone taskar Barlin cikin watan Maris na 1943, samfuran asali masu yawa na Togo da Kamaru sun tafi tare da ita.

Akwai kuma wata ƙa'ida ta Linné da ta shafi masu nazarin harshe kai tsaye. A ganinsa, sunan dangi bai cancanta ba sai in daga Girkanci ko Latin ya fito, ko kuwa daga sunan wani mutum da ake son a girmama. Kalmomin sauran harsuna ya ɗauke su na baubawa ne.

3. Ƙofar Senegal

Michel Adanson yana da shekara 22 ya sauka Saint-Louis, wato Ndar, a matsayin ƙaramin ma'aikacin Kamfanin Indiya na Faransa, kamfanin da ke cinikin ƙaro da bayi a bakin kogin Senegal. Ya zauna daga 1749 zuwa 1753, ya koyi Wolof, ya tara tsirrai da ƙwari da katantanwa, ya buga labarin tafiyarsa a 1757. Shi ne ya fara yi wa Turawa cikakken bayanin kuka, ko da yake tun a 1352 Ibn Batuta ya ga manyan itatuwan nan a hanyarsa ta zuwa Mali, har ya ba da labarin masaƙin da ya kafa masaƙarsa cikin kogon ɗaya daga cikinsu.

Adanson bai yarda da ƙa'idar Linné ba. Cikin littafinsa Familles des plantes na 1763, ya riƙa ɗaukar sunayen da mutanen ƙasa ke kiran tsirrai ya mai da su sunayen ilimi. Ko da Linné ya girmama shi da sunan Adansonia, shi kansa Baobab ya ci gaba da rubutawa. Tsarin Linné ne ya yi rinjaye a duniya, amma al'adar Adanson ta bar gurbi wajen Faransawan da suka gaje shi.

Bayan da aka haramta cinikin bayi ta teku, Faransa ta nemi abin da Senegal za ta noma ta sayar. Gwamna Roger, wanda ya yi mulki daga 1822 zuwa 1827, ya ɗora begensa a kan wata garkar gwaji ta bakin kogi da Claude Richard ke kula da ita, inda aka jarraba auduga da baba da wasu tsirrai na ƙetare. Garin da ya tashi a wurin har yau Richard-Toll ake ce masa, wato garkar Richard da Wolof. Noman bai ci riba ba, amma tsirran da Perrottet da Leprieur suka tara a wannan zamani su ne suka zama littafin Florae Senegambiae Tentamen, wanda aka buga tsakanin 1830 da 1833.

Wannan tarihi shi ya sa itatuwa da dama da Bahaushe ya sani tun kaka da kakanni suka shiga littafin duniya da rigar Wolof. Sabara ta zama Guiera, maɗaci ya zama Khaya, taura ta shiga dangin Detarium, danya kuma ta sami sunan iri birrea: duka huɗun daga bakin mutanen Senegal aka ɗauko su. Hakanan kalmar senegalensis da ke manne da sabara da maɗaci da anza ba ta nufin can ne mahaifarsu. Tana nuna wurin da Bature ya fara karyo reshensu ne kurum. Aduwa ma haka ta zama Balanites aegyptiaca, ta Masar ke nan, saboda daga can ne masanan Turai suka fara saninta. Delile, wanda ya raka yaƙin Napoléon na 1798, shi ya ba ta wannan suna a 1813.

4. Hanyar Kwara da hanyar hamada

Ingilishi sun biyo ta wata hanya. Ƙungiyar da aka kafa a Landan a 1788 domin binciken cikin Afirka, wadda Joseph Banks, mai ba sarki shawara kan garkar Kew, ke cikin jagororinta, ita ta aiko Mungo Park neman kogin Kwara. Park ya yi tafiyarsa ta farko daga 1795 zuwa 1797, cikin littafinsa na 1799 kuma ya siffanta kaɗanya da yadda ake fid da manta a ƙasar Bambara. Saboda haka aka daɗe ana kiranta Butyrospermum parkii. Daga baya aka lura cewa tun 1807 wani Bajamushe, Gaertner, ya riga ya raɗa mata Vitellaria paradoxa; tun da yake doka ta ce sunan da ya riga fitowa shi ne mai ƙarfi, sai na Park ya faɗi.

Ayarin farko da ya kai tsirran ƙasar Barno da ƙasar Hausa Turai shi ne na Denham da Clapperton da likita Oudney, waɗanda suka taso daga Tarabulus a 1822 suka iso tabkin Cadi a farkon 1823. Oudney shi ne mai tara tsirrai. Ciwo ya ci ƙarfinsa, ya rasu cikin watan Janairu na 1824 kusa da Katagum, a hanyar Kano. Abin da aka kai Landan, kimanin iri 300, Robert Brown ya nazarce shi ya buga a 1826. A cikin wannan rubutu ne Brown ya kafa dangin Parkia ya sa ɗorawa a ciki, ya kuma raɗa wa wani tsiron hamada Oudneya. A 1955 Keay ya kira ɗorawar ƙasashenmu Parkia clappertoniana, har itace ɗaya ya ɗauki sunan matafiya biyu, kafin a komo ga biglobosa.

Ta wajen kogi, zazzaɓi ne ya tsare ƙofa. Ayarin jiragen ruwa na 1841 ya yi hasarar Turawa fiye da 40, har da masanin tsirrai Theodor Vogel, wanda ya rasu a tsibirin Fernando Po. Abin da ya bari shi ne tushen littafin Niger Flora na 1849, magimfa da masunta ke bugar da kifi da ita kuma ta zama Tephrosia vogelii. A 1854 likita Baikie ya hau Binuwai yana ba mutanensa kinin kullum, bai rasa ko mutum ɗaya ba. Kinin kuwa daga ɓawon wani itace na duwatsun Amurka ta Kudu ake samunsa: ilimin tsirrai na wata nahiya ne ya buɗe wa Turawa wannan nahiya. Charles Barter, da ya biyo Baikie a 1857, ya yi ta tara tsirrai a ƙasar Nupe bayan da jirginsu ya fashe kusa da Jebba, har ya rasu a Raba a 1859.

Heinrich Barth, wanda ya ratsa Abzin da Tasawa da Damagaram tsakanin 1850 da 1855, ba masanin tsirrai ba ne, amma yana jin Hausa. Saboda haka itatuwan da ya gani da sunansu na gari ya rubuta su: kuka, gawo, goriba, tsamiya, ɗorawa. A wannan fanni ya fi masu tarawa da yawa amfani ga mai nazarin harshe.

5. Bincike a bayan tuta

Daga ƙarshen ƙarni na 19 al'amarin ya sake. Mai bincike ya daina zama baƙon sarki mai neman izinin wucewa, ya zama ma'aikacin gwamnatin da ta ci ƙasa, tambayarsa kuma ta zama: mi wannan ƙasa za ta iya biya? Auguste Chevalier (1873-1956) ya fara zuwa Sudan ta Faransa, Mali ta yau, a 1898, cikin ayarin masana da Janar de Trentinian ya gayyato domin su ƙididdige arzikin ƙasa, musamman roba da auduga da ƙaro. A lokacin nan Turai na neman roba ido rufe saboda tayar keke da ta mota, ana kuma tatsar ta daga wasu kurangu na dangin Landolphia, dangin da Hausawa ke kira ciwo. Daga 1902 zuwa 1904 Chevalier ya jagoranci ayarin Shari da tabkin Cadi, a 1921 ya kafa mujallar Revue de botanique appliquée, a 1932 kuma ya ratso Sahara ya shigo Nijar.

A ƙasarmu, tsirrai na farko da aka tara a zamanin nan ayarorin soja ne suka ɗauke su. Ayarin Foureau da Lamy, da ya iso Damagaram cikin watan Nuwamba na 1899, ya koma da samfura Faris. Hakanan ayarin kyaftin Tilho, wanda ya shata iyaka tsakanin Kwara da tabkin Cadi daga 1906 zuwa 1909: likitansa Gaillard ya tara tsirrai, Pellegrin ya nazarce su a Faris, tafintansa Landeroin kuma ya tara labarun sarauta ya rubuta nahawu da ƙamus na Hausa tare da Tilho. Iyaka da tsirrai da harshe, tafiya ɗaya ta ɗauke su.

Labarin gawo ya isa misali. Delile ya siffanta shi daga Masar a 1813 da sunan Acacia albida. A 1934 Chevalier ya ga cewa ya bambanta da sauran itatuwan ƙaya, ya ware masa dangi nasa shi kaɗai. Ta fuskar ilimi ya yi daidai, binciken ƙwayoyin halitta na baya-bayan nan ma ya goyi bayansa. Amma sunan da ya zaɓa shi ne na Louis Faidherbe, wanda ya yi gwamnan Senegal daga 1854 zuwa 1865, in an ɗebe ɗan tsaiko, ya kuma yaƙi Alhaji Umaru Futi. Faidherbe bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Manoman da suka san cewa gawo na zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, ya kuma yi kore da rani ya ciyar da bisashe su taki gona, babu ɗayansu a cikin sunan. A Damagaram kuwa har yau ana ba da labarin horo mai tsanani da sarakunan da suka ɗora wa mai saran gawo, tun kafin zuwan Nasara.

Sanin itatuwa bai tsaya cikin littafi ba. Dokar daji ta 4 ga Yuli 1935 ta ba gwamnatin Afirka ta Yamma ta Faransa ikon keɓe dazuzzuka da hana taɓa wasu itatuwa, dokar Nijar ta 1974 kuma ta bi wannan sawu. Manomi ya wayi gari itacen da ke tsakiyar gonarsa ya zama na ma'aikatan gandun daji, sai ya gwammace ya tumɓuke shi tun yana tsiro. Da aka sassauta daga tsakiyar shekarun 1980, manoman Maraɗi da Damagaram suka koma rainon itatuwan gonakinsu, gawo a kan gaba, har aka ƙiyasta fili da ya farfaɗo da kimanin eka miliyan 5 ta awon Faransa.

6. Dalziel da sunayen Hausa

A hayin Ingilishi, mutumin da ya fi kowa aiki a kan sunayen Hausa likita ne, John McEwan Dalziel (1872-1948). Ya yi aikin asibiti a ƙasar Sin kafin ya zo Nijeriya ta Arewa a 1905, inda ya zauna wurare kamar Katagum da Sakkwato. Yana tara samfura yana aika su Kew, yana kuma tambayar manoma da makiyaya da masu magani sunan kowane tsiro da amfaninsa. A 1916 ya buga A Hausa Botanical Vocabulary, wanda aka jera bisa kalmomin Hausa, Latin na biye. Bayan ya bar aikin likita ya koma Kew, shi da John Hutchinson suka rubuta Flora of West Tropical Africa tsakanin 1927 da 1936, sa'an nan a 1937 ya fitar da The Useful Plants of West Tropical Africa, mai ɗauke da sunaye cikin harsuna masu yawa.

A wannan zamani ne kalmomin Hausa ƴan kaɗan suka sami shiga Latin. Doka ta zama Isoberlinia doka kafin yaƙin duniya na farko. A 1915 Otto Stapf na Kew ya raɗa wa iburu Digitaria iburua. Maiwa ma ta taɓa zama Pennisetum maiwa, kafin a gane cewa ita da gero iri ɗaya ne a wajen masana. A lura da cewa dukansu sunayen iri ne. Wolof ta sami sunayen dangi. Dalili kuwa ba na harshe ba ne, na lokaci ne: sa'ad da aka iso ƙasar Hausa, an riga an raɗa wa yawancin itatuwan Sahel suna daga Senegal da Masar, shekaru 80 ko 100 da suka wuce. Shi kuwa Dalziel, hano ne ya ɗauki sunansa, Boswellia dalzielii.

Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Babu yadda baƙo zai san cewa da bagaruwa ake jima, ko cewa sai an jiƙa ɗiyan anza kwana da kwanaki ɗacinsu ya fita kafin a ci su da yunwa, in ba wani ya gaya masa ba. Amma takardar da ke manne da samfur sunan mai tarawa take ɗauke da shi, da lambarsa. Boka da ungozoma da majemi da makiyayi sun shiga littafi a dunƙule, a matsayin "mutanen ƙasa".

7. Abin da ya rage ga mai nazarin harshe

Duk da haka, waɗannan jerin sunaye dukiya ce, domin suna cikin tsofaffin shaidun da muke da su na wannan sashe na harshe. Ƙamus na Bargery na 1934 yana ba da sunan Latin ga itatuwa da yawa. A Nijar kuma Adam da Echard da Lescot sun buga nazarin tsirran magani na Adar a 1972, Peyre de Fabrègues da Lebrun suka jera tsirran ƙasar duka a 1976. Sai dai mai amfani da su ya kula da abu uku.

Na farko, rubutu. Tsofaffin jerin ba su nuna karin sauti ko tsawon wasali ba, Faransawa kuma da kunnensu da haruffansu suka rubuta: gao, adoua, guéza, madatchi. Na biyu, karin harshe. Kalgo da kargo, bagaruwa da gabaruwa, kaɗanya da kaɗe, duka daidai ne, kowane da yankinsa. Dalziel kuwa Hausar kudu da iyaka ya fi ji, ta Adar da Arewa da Damargu ba ta sami rabonta ba. Na uku, wanda ya fi muhimmanci, rabon da Hausa ta yi wa tsirrai ba shi ne na Latin ba. Latin suna ɗaya take ba itace. Hausa kuwa takan raba shi bisa shekarunsa da amfaninsa: goriba da kaba, giginya da muruci, ɗorawa da kalwa da daddawa da makuba. Wani lokaci kuma suna ɗaya, kamar farar ƙaya, yakan rufe iri fiye da ɗaya. Wanda ya jera kalma ɗaya gaban kalma ɗaya ya zubar da rabin sanin.

8. Kammalawa

Sunayen Latin suna da amfanin da ba a musu, tun da su ne ke sa masanin Yamai da na Dakar da na Delhi su tabbata itace ɗaya suke magana a kai. Amma ba su fi na gida tsayuwa ba. Bayan taron masana na Melbourne a 2011, bagaruwa ta bar Acacia ta koma Vachellia, dakwara ta koma Senegalia; a kasuwar Maraɗi kuwa har yau bagaruwa ce da dakwara.

Taskokin Faris da Kew sun ɗauki hoton miliyoyin samfuransu sun sa a intanet, don haka reshen da aka karya a Damagaram fiye da shekara 100 da suka wuce ana iya ganinsa daga nan, tare da sunan da aka rubuta a gefensa. Aikin da ke gabanmu shi ne a ɗauki waɗannan sunaye a koma da su garuruwan da aka jiyo su, a gwada da bakin tsofaffi, a rubuta su da ƙa'ida, da karin sautinsu da yankinsu da amfaninsu, a kuma rubuta sunan wanda ya faɗa, in ya yarda. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta amince cewa al'umma na da hakki a kan saninta na tsirrai. Hakkin da ba a rubuta shaidarsa ba kuwa yana da wuyar karewa. Aikin na gaggawa ne, domin inda itace ya ƙare a daji, sunansa ba ya wuce tsara ɗaya ko biyu a baki.